Gilashin Maigida Ya Kamu Da Shawara

Maigidana na tara tsofaffin gilasan kyamara na gwanjo. Ba ya ɗaukar hoto da su, sai dai ya ɗaga su saitin taga yana kallon launin da ke sheƙi a fuskarsu. Wai mai shunayya daban, mai ruwan zuma daban. Mutumin da bai san kalar atamfar Sallata ba!

Wani Takumar ɗan Japan ya koma rawaya saboda sinadarin toriyom da ke cikinsa. Na ce, "Maigida, ai shawara ce." A asibiti fitila muke kunna wa jarirai, shi kuwa shanya nasa yake a rana a tsakar gidanmu na Katabu, yana korar kaji. Sati uku ana jinya.

Kuɗin makarantar yara kuwa, wai sai an sayar da majinyacin.