Erfurt: majami'a guda, ɗariƙu biyu

Mutumin Ɗan Kassari da ya sauka Dogon Dutsi ranar lahadi zai tarar da Kiristocin garin kashi biyu: ƴan Katolika suna mishan ɗinsu, ƴan Furotesta suna tasu majami'a. Da yawa cikinmu ba su san mafarin wannan rabuwa ba. Saiwarta tana can ƙasar Jamus, cikin wani tsohon gidan sufaye na birnin Erfurt.

Sufayen ɗariƙar Agustin, wato mazan da suka bar aure da dukiya domin ibada, su ne suka fara wannan gini wajen shekarar 1277. Ran 17 ga Yuli 1505 wani ɗalibi mai suna Martin Luther ya ƙwanƙwasa ƙofarsu, yana cika alkawarin da ya ɗauka mako biyu kafin nan, sa'ad da aradu ta faɗi kusa da shi bisa hanya. A majami'ar gidan ya jagoranci addu'arsa ta farko a matsayin fada cikin 1507. Shekara goma bayan haka, daga birnin Wittenberg, ya fito fili ya soki yadda ake karɓar kuɗin talakawa da sunan yafe zunubi. Daga nan Kiristocin Turai suka dare gida biyu.

Ginin ma bai tsira daga guguwar ba. A 1525 majami'ar ta koma hannun ƴan Furotesta. Sufi na ƙarshe ya rasu a 1556, hukumar birni ta karɓi gidan ta buɗe makaranta a ciki, daga baya aka ware wani sashe domin marayu. Sababbin masu gidan ba su rushe abin da suka gada ba: tagogin gilashi masu launi na ƙarni na 14 suna nan har gobe. Alhali a waje, gabar ɗariƙun biyu ta kai ga yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya mai da garuruwa da yawa kufai.

Babban bala'in gidan ya zo ran 25 ga Fabrairu 1945, lokacin da bama-baman jiragen Ingila suka faɗa kan ɗakin littattafai. Mutum 267 da suka fake a ƙarƙashinsa suka hallaka. Bayan yaƙi, a zamanin Jamus ta Gabas, aka gyara majami'ar.

Ran 23 ga Satumba 2011 Paparoma Benedict na 16, shi ma Bajamushe, ya shigo gidan a matsayin baƙo, ya yi addu'a tare da shugabannin Furotesta. Saɓanin akida bai ƙare ba, amma an zauna inuwa guda.

Jama'a masu karatu, mu nan Arewa mun daɗe da sanin irin wannan zama: Musulmi, Kirista da masu riƙe da al'adun Lugu kasuwa guda suke ci, rijiya guda suke sha. Sai dai a Janairun 2015, a Damagaram da Yamai, an ƙona majami'u da dama, na Katolika da na Furotesta, wuta ba ta tambayi ɗariƙa ba. Turawa sun kwashe ɗaruruwan shekaru, sun zubar da jini mai yawa, kafin su koyi abin da kakanninmu suka bar mana kyauta. Kada mu sayar da shi da araha.