Ranar Da Na Ɗora Wa Majalisa Bashi

Tun ina yaro a ƙauyenmu na san wasan kalankuwa. Idan kaka ta yi, sai samari su naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan doka, a kawo mai laifi a ci shi tara, jama'a na ta dariya. Ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai nishaɗi. Sai bana, ina aji uku a jami'a, na gane ashe makaranta ce.

Wata Talata malaminmu na fassara ya shigo ya ce yau babu lacca, ajin nan ya zama ɗakin labarai na gidan rediyo. Ya naɗa edita da mai duba agogo, ya miƙa wa kowa labari cikin Turanci, ya ce minti 10 kacal, a fassara a karanta, shi kuwa yana ɗaukar murya da wayarsa. Har na yi murmushi, don ban taɓa faɗuwa jarrabawar nahawu ba.

Labarin majalisa ne ya faɗo mini. To, akwai wata kalmar Turanci mai nufin ƙudurin doka, ita ce kuma ke nufin takardar kuɗin da ake bin mutum. Da mai agogo ya ce saura minti 2, sai hannuna ya kama rawa, na rubuta wadda ta fara zo mini. Na miƙe, na gyara murya sai ka ce ma'aikacin BBC, na shaida wa duniya cewa 'yan majalisa sun karanta takardar bashinsu karo na biyu. Aji ya kece da dariya. Malam bai ko murmusa ba. Ya sake kunna mana muryata, ya ce, "Da a gidan rediyo ne, da tuni maganar nan ta kai Agadas da Kumasi. Da wace igiya za ka jawo ta?"

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna mahaifina, wanda ya sayar da ɗan maraƙinsa ya biya mini kuɗin rajista, yana tambayata, "Hausa kuma? Wadda ka sha a nono?"

Ina ganin wannan tunani ne ya cuce mu. Ɗaliban lauya suna da kotun gwaji. Ɗaliban likita suna koyon farfaɗo da numfashi a jikin mutum-mutumin roba, irin wanda wani mai ƙera kayan wasan yara a Norwe ya fito da shi a 1960. Matuƙa jirgin sama kuwa tun 1929 Edwin Link ya ƙera musu akwatin koyon tuƙi a Amurka, watau su faɗi sau ɗari ba wanda ya mutu. Amma mu da za mu shiga aji da rediyo, mu yi tafinta a gaban alƙali, inda kalma ɗaya kan kai bawan Allah gidan yari, sai aka bar mu da allo da alli, wai ai harshenmu ne.

Ba na cewa gwaji daidai yake da aiki. Editanmu abokina ne, ba zai kore ni ba, na kuwa san haka ko a lokacin da nake rawar jiki. Duk da haka mu shida mun sa wa kanmu kowace Alhamis bayan La'asar. Makon jiya ma ɗaliban lauya suka aro ni tafinta a kotunsu. Sau biyu na ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, a maimaita mini," ya kuwa maimaita.