Mai karatun jami'a da ya koma marina

Tsakanin 1875 da 1877, a wani gari mai suna Leek a ƙasar Ingila, mutane sun saba ganin wani baƙo mai gemu yana yawo hannuwansa shuɗi fes. Sunansa Wiliyam Moris. Ya yi karatu a jami'ar Oxford, littattafan waƙoƙinsa sun yi suna a ƙasar, yana da dukiyar gado. Duk da haka yakan baro Landan ya zo masana'antar Thomas Wardle ya yi kwanaki yana tsoma hannu cikin baba, yana koyon rini da saiwoyi da ganyaye. A lokacin rinin zamani na sinadarai, wanda aka fara ganowa a 1856, ya cika kasuwa, shi kuwa ya ga launinsa ba ya da zurfi kuma yana saurin koɗewa.

Ƴan uwana malamai da iyaye, ina ganin akwai abin da ya shafe mu a rayuwar mutumin nan.

An haife shi a 1834 a Walthamstow, kusa da Landan. Mahaifinsa ya yi arziki da hannun jari a wata mahaƙar tagulla. Ya shiga jami'a da niyyar zama limamin coci, sai zuciyarsa ta karkata ga gine-gine da zane. Bayan ya yi aure a 1859, abokinsa Philip Webb ya zana masa gidan da ake kira Red House. Da aka zo sa kaya cikin gidan, bai sami abin da ya kwanta masa a rai a kasuwa ba, sai shi da abokansa suka zauna suka yi da kansu. Daga nan ne suka buɗe kamfani a 1861, suna yin kujeru, da gilashin taga mai launi, da takardar ado ta bango, daga baya har da yadi da darduma.

Ɗabi'arsa ita ce ba ya son sa ma'aikaci aikin da shi bai taɓa gwadawa ba. Ya kafa masaƙa a ɗakin kwanansa, yana tashi da sassafe yana koyon saƙa shi kaɗai. A 1881 ya mai da aikin kamfanin Merton Abbey, bakin kogin Wandle, saboda ruwan wurin ya dace da rini. A 1891 ya buɗe maɗaba'ar Kelmscott, ya zana haruffan bugu da hannunsa. Ƴarsa May ita ma ta tashi cikin sana'ar, ta riƙe sashen ɗinkin ado na kamfanin tun 1885.

Me ya kai shi siyasa? Ya dubi masana'antun Ingila ya ga mutum yana wuni gaban inji yana maimaita motsi guda, bai san farkon abin da yake yi ba balle ƙarshensa, ribar kuma ta wani ce. A ganinsa aikin kirki yana da lada uku: hutu bayan gajiya, abu mai amfani da za a samu, da kuma jin daɗin aikin kansa. A 1883 ya shiga ƙungiyar ƴan gurguzu, a ƙarshen 1884 ya kafa wata tare da abokansa. Ya riƙa jawabi a bakin titi, yana sayar da jaridarsu da kansa, har kotu ta taɓa cin sa tara.

Sai dai rayuwarsa ba ta rasa saɓani ba, shi ma ya san da haka. Kayan hannu suna cin lokaci, don haka suna da tsada, masu kuɗi ne kawai ke iya sayen abin da yake yi. Littafin waƙoƙin Chaucer da ya buga a 1896, shekarar da ya rasu, fam 20 ne kwafi ɗaya, kuɗin da lebura zai yi watanni yana nema. Wanda ke yi wa talaka faɗa, talaka bai iya shiga shagonsa ba. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa kuma wani kamfanin Jamus ya fito da shuni na sinadari, noman baba ya fara durƙushewa a duniya.

Matsalar nan mun san ta. Yadin inji mai araha da ya ci masaƙan Ingila shi ne ya biyo teku ya rage kasuwar saƙi a ƙasar Hausa. Ba zan ce wa uwa mai ƴaƴa shida ta bar atamfa mai sauƙin kuɗi ta sayi saƙi ba. Abin da ke damuna daban ne: yadda muke koya wa yara raina hannun da ke yin aikin.

Shekara sama da 20 ina koyarwa. Wata shekara, ranar buɗe lakwal, na ce kowane yaro ya rubuta sana'ar mahaifinsa. Wani yaro ya rubuta ɗan kasuwa. Na san mahaifinsa, baduku ne, jakar da nake zuba takardu a ciki aikinsa ce, ta shekara bakwai ɗinki ko ɗaya bai ɓalle ba. Yaron bai ƙirƙiro kunyar nan da kansa ba. A gida ya ji ana cewa in bai yi karatu ba za a kai shi wurin kafinta, kamar horo. A aji kuma sa'ar aikin hannu ita ce ta farko da ake cinyewa in jarrabawa ta matso. A makarantar horon malamai an koya mana muhimmancinta, amma da yake ba ta da maki a jarrabawa, ba mai tambayar ta.

Sakamakon muna gani. Matasa masu takardar shaida suna zaune a fada suna shan shayi, suna jiran aikin gwamnati da ba zai ishi kowa ba. Dukawan Damagaram da maƙeran azurfa na Agadas kuwa suna bukatar yaro mai ilimi da zai iya lissafin kuɗin kaya, ya zana sabon fasali, ya rubuta wa mai saye na nesa. Karatun Moris shi ya sa rininsa ya yi fice: tsofaffin littattafan marina na Faransa da Ingila ya tono, ya karanta, sannan ya gwada a tukunya.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kasafin kuɗi. Malami ya gayyaci maƙeri ko masaƙi ko mai rini daga unguwa, sau ɗaya a zango, ya ba shi kujera a gaban aji, yara su gaishe shi kamar yadda suke gaida mai duba makarantu. A ɗauko darasin awo da lissafi daga aikinsa. Masu zuwa Yamai da yara su ratsa gidan tarihi na Bubu Hama, su tsaya wurin masu sana'ar hannu su yi tambaya. Iyaye kuma mu daina tsoratar da yaro da sana'a. In ya dawo lakwal ya ce yana son zama wurin kawunsa mai ƙira ranar Asabar, a bar shi ya je, a duba littafinsa da dare kamar kullum.