Rabon Abin Da Ya Rage A Rumbu

Wani dare ina gabatar da shirin da masu sauraro ke bugo waya, muna zancen ɗumamar yanayi, sai wani dattijo ya kira daga wajen Tasawa. Ya ce, "Ɗana, na ji ka ce duniya ta yarda kowa ya rage hayaƙi. Ni ko babur ba ni da shi. Me zan rage?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma," na ɗauki kira na gaba. Gaskiyar magana ita ce ba ni da amsa.

Da na koma gida sai na zauna da alƙalami. A Paris, cikin 2015, ƙasashe sun amince a yi ƙoƙari kada zafin duniya ya ƙaru fiye da digiri 1.5. A 2021 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa daga farkon 2020, iskar kabon da ta rage a saki ba ta wuce tan biliyan 500 ba, wannan ma sa'ar tsira rabi da rabi ce. Duniya kuwa tana sakin kusan tan biliyan 40 kowace shekara. Rumbu ne ya kusa ƙarewa, ga baki da yawa.

Na raba abin da ya rage da yawan mutanen duniya, kowa ya tashi da tan 60 da ƴan kai. Ba'amurke, mai sakin kusan tan 14 a shekara, zai cinye nasa kafin shekara 5. Ɗan Nijar, da nasa bai fi kashi ɗaya cikin goma na tan ɗaya ba, sai ya yi shekara 600 bai gama ba. Wannan lissafin ma bai taɓa hayaƙin da aka riga aka saki tun zamanin injin kwal ba.

Sai dai akwai inda lissafin ya tsaya mini a wuya. Tun 2024 ɗanyen manmu na Agadem ke bin bututu zuwa gaɓar tekun Benin, kuma ina cikin waɗanda suka yi murna a iska. Ban janye murnata ba, domin ƙasar da yawancin ƙauyukanta ke kwana a duhu tana da haƙƙin rabonta. Amma na ga ambaliyar Yamai a 2020, na san ruwa ba ya tambayar wanda ya ƙona man.

Saboda haka a ganina ba a kirga rabonmu da yawan hayaƙin da za a bar mu mu yi. Wanda ya ci fiye da nasa ya fara ragewa, sannan ya biya rarar da kuɗi da faranten hasken rana, a matsayin bashi, ba sadaka ba.

Dattijon bai sake kira ba. Da zai kira, da na ce masa, "Baba, ba ka da abin ragewa. Kai ne ma kake bin bashi."