Mota mai ɗaki da zauren mahaifina

Duk wanda ya yi wayo a Birnin Ƙonni kafin 1990 zai tuna da su. Da zarar ɗari ya kama, sai su fara sauko mana daga arewa, biyu-biyu ko uku-uku, motocinsu sun yi buɗu-buɗu da ƙura, an ɗaure jarkokin mai da na ruwa a bisa, a gefe kuma ga faifan ƙarfe masu huji da suke shimfiɗawa idan taya ta nutse cikin rairayi. Wasu Volkswagen ne, wasu Land Rover, wasu kuwa manyan Mercedes ne da aka gina wa ɗaki a baya. Masu su na kiransu kampin-kar, mu kuwa mota mai ɗaki muke cewa. Yara na binsu a guje suna kiran "Anasara, kado!", manya na kallo daga inuwa suna girgiza kai.

Hanyarsu sananniya ce. Daga Turai su ƙetare teku su shiga Aljeriya, su bi ta Tamanrasat, su shigo Nijar ta Asamaka, sai Arlit, sai Agadas, sai Tawa, har su faɗo kan babbar hanya a mararrabar Tsarnawa. Daga nan kowa ya kama gabansa: wasu su yi yamma zuwa Yamai, wasu gabas zuwa Maraɗi da Damagaram, wasu su ƙetara iyaka su nufi Sakkwato. Shi ya sa Ƙonni ta zame musu mahaɗa. Da yamma sai ka ga sun jera motoci a masaukinsu, sun fito da kujeru masu naɗewa, sun baza wata babbar taswira ta kamfanin Michelin, suna ba juna labarin inda hanya ta ɓaci da inda ake samun mai.

A lokacin ina sabon malamin lakwal. Wata rana wata farar mota ta lalace kusa da gidanmu, da miji da mata a ciki, suka kwana uku suna jiran makaniki ya samo musu wani ƙarfe. Tun daren farko mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sa aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kai musu tuwo da fura, ya aike ni in ce su shigo. Suka yi godiya ƙwarai, suka ci tuwon, amma suka ce suna da wurin kwana. Suka buɗe mini ƙofa na leƙa: ga gado, ga risho, ga tulun ruwa da famfonsa, ga littattafai a jere. Da safe mijin ya miƙo kuɗin tuwo. Da na koma na faɗa, Baba ya yi shiru, can ya ce: "Ashe akwai baƙon da ba ya buƙatar kowa. Mai da masa kuɗinsa. Kunkuru ne, da ɗakinsa yake yawo."

Na fahimci ɓacin ransa. Baba jikan fatake ne, kakansa ya je Gwanja sayen goro. A tafiyar da ya sani, matafiyi ba ya ɗaukar gida, sunan mai masauki yake ɗauka. Ayari na da madugu, hanya na da zango, kowane gari na da mai gida da zai karɓe ka, ya adana kayanka, ya tsaya maka idan magana ta taso. Wanda ka sauka gidansa bana, shi zai sauka naka baɗi, har abin ya zama auratayya. Don haka a idonsa, mutumin da ya zo ƙofarka ya ƙi tabarmarka ya ce maka ke nan ba ya son wata igiya ta ƙulla tsakaninku.

Sai dai baƙin nan sun bar mini wata kunya da ban faɗa wa Baba ba. A dare na biyu matar ta ɗauko taswira da wani ɗan littafi ta shiga yi mini tambayoyi. Ina ragowar ganuwar da sojojin Voulet da Chanoine suka karya a watan Mayu na 1899? Yaushe ake buɗin daji a Masalata? Daga ina gulbin Maggiya ya taso? Ina da nisan Illela, kuma ko ana iya ganin fadar Sarkin Adar? Na amsa abin da na iya, sauran na yi ta kame-kame. Ni da nake tsayawa gaban allo kullum ina karanta wa yara tsawon kogin Kwara da sunayen duwatsun Ayar, ban taɓa taka Illela ba, Masalata ma da ke bakin hancinmu ban taɓa zuwa don in gani ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. A daren nan na gane ɗan gari ma yana da nasa makantar, don abin da ka tashi ka tarar ba ka cika tsayawa ka dube shi ba.

Daga baya motocin suka ɗauke. Tawaye ya tashi a arewacin ƙasarmu a farkon shekarun 1990, Aljeriya ta faɗa cikin tashin hankali daga 1992, sannan sace-sacen Turawa, irin wanda aka yi a Arlit a 2010, ya ƙarasa rufe hanyar. A can ƙasashensu al'adar na nan da ranta: a Amurka, kowane watan Janairu dubban irin waɗannan motoci na taruwa a hamadar jihar Arizona, yawancin masu su tsofaffi ne da suka ajiye aiki. Mu kuwa jikokinmu sai a hoto.

Da na ajiye alli, sai abin ya dawo mini. Na sayi wata tsohuwar Hiace da ta gaji da jigilar fasinja, na kai wa mai walda ya cire kujerun baya, ya yi mini gado na ƙarfe da akwati a ƙarƙashinsa. Muka sa katifa, da randar roba, da risho, da buta da darduma. Uwargida ta duba ta ce: "Malam, tsufa ne ya zo maka da yarinta?" Na ce bashi ne zan biya. Shekarar ta yi daidai da lokacin da Tawa ke karɓar gasar kokowa ta ƙasa, wadda can ne ma aka fara ta a 1975. Na ɗauki wani abokina, shi ma tsohon malami, da jikana ɗan shekara goma sha biyu, muka yanke cewa tafiyar da mota ke yi cikin awa biyu za mu yi ta cikin kwana biyar.

Muka fara da gabas. A Malbaza muka tsaya muka kalli masana'antar siminti da ke nan tun shekarun 1960, da ramukan da ake haƙo farin dutse. Wani ma'aikaci ya nuna wa jikana dutse mai siffar ƙwanson dodon koɗi, na samu damar yi masa bayanin da na sha yi a aji ba tare da shaida a hannu ba: akwai zamanin da ruwan teku ya rufe wannan ƙasa. A Galmi muka shiga gonakin albasa da sassafe, muka ga yadda ake kora ruwa fangali bayan fangali. Wannan albasa ce ake ci a Akara da Abijan, sunan garin ya bi ta har cikin littattafan masana noma. Yaron ya ce: "Kaka, ashe Galmi ba asibiti kaɗai ba ce."

Muka juyo Tsarnawa muka kama hanyar arewa, ta Gidan Idar zuwa Badagishiri. A nan ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Bisa faƙo, ƙasar da a da ko ciyawa ba ta fitowa, ga ramuka ƙanana a jere, ga karan hatsi tsaye a cikinsu. Su ne tassa. Manomi na haƙa ramin da rani, ya zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki maimakon ya gangare. Dattawan wurin suka tuna mana cewa a ƙarshen shekarun 1980 ne aka kai wasu manoman yankin Illela ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake yi, suka dawo suka gwada, maƙwabta suka kwaikaya. Tafiya guda ta ƴan mutane kaɗan, waɗanda suka je don su gani kawai, ta mayar da faƙo gona. Wanda ke cewa yawon buɗe ido aikin marasa aiki ne, ya je ya tsaya bisa wannan tudu.

Daga Badagishiri muka karkata zuwa Illela, ta Adar, ba ta ƙetaren iyaka ba. Muka ga fada, muka ji tarihin zuriyar Agabba da ya fito daga gidan sarautar Agadas. Da magariba muka isa wani ƙauye inda ɗiyar baffana ke aure, wadda rabona da ita shekara goma sha ɗaya. Aka yi murna, aka yanka zabo. Bayan isha'i na miƙe na ce za mu je mu kwanta a mota, don kada mu takura mutanen gida. Sai ta ajiye fitila ta dube ni ta ce: "Yaya, shekara goma sha ɗaya ban gan ka ba, yau ka zo za ka kwana cikin ƙarfe a ƙofar gidana? Gobe in mata suka tambaye ni a bakin rijiya, me zan ce musu?" Muryar Baba na ji a bakinta. Ashe ni ma na zama kunkuru ban sani ba. Na kwashi bargona na shiga zaure, yaran gidan kuwa suka cika motar suka kwana suna dariya.

A Tawa ne motar ta yi ranarta. Gari ya cika maƙil, kowane gida da baƙinsa, mu kuma ba mu da kowa. Muka ajiye ta kusa da wasu da suka zo daga Doso da Damagaram, masu kwana bisa tabarma a gindin motocinsu. Kafin dare na biyu rishonmu ya zama na kowa. Wannan ya kawo shayi, wancan ya kawo kilishi, wani direba ya gyara mana birki bai karɓi ko dala ba, ana ta gardamar wa zai ɗauki takobi. Ina zaune cikinsu sai na tuna da Turawan nan da taswirarsu, na ga ashe abin da suke yi da yamma a Ƙonni zango ne irin na kakan Baba. Suna buƙatar mutane kamar kowa. Abin da ba su sani ba shi ne a ƙasarmu karɓar tabarma ma kyauta ce da baƙo ke yi wa mai gida.

Ga ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu nake wannan magana. Ba sai da mota mai ɗaki ba. Motar haya ɗaya, da izinin iyaye da na hukuma, da tambayar lafiyar hanya kafin a tashi, tunda yanzu ba ko'ina ake bi ba, sun isa a kai aji guda daga Ƙonni zuwa Masalata, ko daga Malbaza zuwa tudun Badagishiri, a dawo kafin la'asar. Idan kwana ya kama, a nemi lakwal ɗin garin da iyayen yaranta su sauke ku, baɗi ku ma ku sauke su.

Motata na nan bayan gida, tayarta ɗaya ta sace. Jikana na tambaya yaushe za mu je tafkin Ɗan Dutsi. Na ce masa in Allah ya kai mu ɗari, amma sai mun fara aika wa mutanen can cewa muna tafe.