Saƙon Murya Zuwa Ga Kakata

A wannan makon labarin kakata zan ba ku, ita da haƙoranta.

Da Babbar Sallah na je gida Gumel, na kai mata soyayyen nama. Ta karɓa ta sa albarka, sannan ta tura kwanon ƙarƙashin gado. Matar da na sani ba ta barin ko guringuntsi! Sai ƙanwata ta raɗa mini cewa wata biyu ke nan kunu da fura kawai take iya sha. Dasashinta ya kumbura yana jini, turamenta biyu suna girgiɗi. Ta yi shiru ne don a ganinta tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani. Har wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ta ɗiga ruwan batir.

Bayan hutun Sallah muka kai ta asibiti. Likitan haƙori ya cire guda, ya wanke sauran. Ya ce ciwon sugan da take fama da shi yana tsananta ciwon dasashi, shi kuma ciwon dasashi yana hana suga daidaita. Ya ce ta riƙa goge baki sau 2 a rana da buroshi mai laushi da man goge baki, na biyun kafin ta kwanta, ta rage sukari a shayi, a canja buroshin duk bayan wata 3.

Matsalar ita ce ni Kano zan koma, ita kuwa ba ta karanta boko. Sai muka shirya da ƙanwata: kullum bayan sallar isha'i zan turo saƙon murya ta WhatsApp, ita kuma ta kunna mata.

Saƙona na farko minti 4 ne, na jero bayani kamar ina kare aikina na difloma. Amsar da ta aiko gajeriya ce: "Wane ɗan rediyo ne wannan?"

Na ji kunya. Washegari na ce, "Amarya, angonki ne. In kika bari sauran haƙoran nan suka zube, kishiya zan yi miki. Tashi ki goge ina jira." Ƙanwata ta ce sai da ta yi dariya har da hawaye, ta ce ja'iri, sannan ta sa aka miƙo mata buta.

Tun daga ranar magana ɗaya nake faɗa a kowane saƙo, kuma ba na wuce minti guda. Ban ce ta bar aswakinta ba. Shi na lokacin alwala, buroshi na safe da dare. Sukarin shayi daga cokali 3 muka sauko zuwa 1, bayan doguwar ciniki. Ranar da na ji muryarta ta canja, na sa aka turo mini hoton bakinta, na ga kumburi, muka mayar da ita wurin likita, don waya ba ta yin aikinsa.

A makon jiya ita ta fara turo saƙo. Ta ce in zan zo in taho da kilishi, "mai laushi dai, kada ka ce na yi ƙuruciya."

Mu da muke rubutu kullum, tsofaffinmu da yawa ba za su taɓa karanta layi ɗaya daga cikinsa ba, amma suna jin murya. Yau da dare ku kira naku, ku tambaye su me suke iya taunawa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.