Ganuwar Kanta a Cikin Daji

Yau laifin kaina na zo in faɗa maku.

Kakata Bakaba ce, fuskarta cike da zanen Kabawa. Tare muke zaune a Ƙofar Marke, nan cikin Sakkwato. Lokacin ina sakandare, in ƙawayena suka zo gidanmu sai in yi maza in ja su ɗakin Inna don kada su gan ta. In kuwa ta fara ba mu labarin Kanta da dare, dariya nake yi, a zatona irin su Gizo da Ƙoƙi ne.

Bayan na gama makaranta, Kawu ya ɗauke mu zuwa biki a ƙasar Binji. Muna cikin tafiya Kaka ta ce masa, "Kai ɗan nan, ratsa da mu Surame, ɗiyar ga ta gani da idonta."

Muka bar mota muka shiga daji a ƙasa, ƙaya sai kama mini zane take yi. Can sai ga duwatsu jere bisa juna, ashe ganuwa ce ta miƙe cikin itatuwa iya ganin ido. Wani wurin saiwa ta tsaga ta, wani wurin ta zube. Babu kowa sai kukan tsuntsaye. Wallahi tsigar jikina ta tashi!

Nan ne babban birnin Kabi da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga hannun Askiya na Songai. Rundunar Barno ma ta zo har gindin ganuwar nan, ta koma ba ta ci garin ba. Wajen 1700 aka tashi aka koma Birnin Kebbi, daji ya rufe wurin. A 1964 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Kaka ta dafa wani dutse ta ce, "Masu irin zanen ga nawa su suka aza wanga." Ni kam na kasa ɗaga kai. A daren nan na durƙusa na nemi gafararta, ta yi dariya ta ce ai ta daɗe da lura.

Yanzu Allah Ya yi mata rasuwa, rabin labaran Kanta sun tafi da ita domin ban saurara ba. 'Yar uwa, in taki kakar tana raye, ajiye littafin nan yau ki je ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta daga ina kuka fito.

Taku har kullum.